Yadda Ake Haɗa Kyamara da Kayan Sauti Don Gajeren Fim na Ɗalibi

Duk lokacin da aka ba ɗalibai aikin shirya gajeren fim, tambayar da suke fara zuwa mini da ita guda ce: "Malam, wace kyamara za mu hayo?" Da wuya ka ji wanda ya ce wane makirufo. Ni ma haka na fara. Fim ɗinmu na farko minti takwas ne, kuma duk kuɗin da muka yi karo-karo a hayar kyamara ya ƙare. Sauti kuwa muka bar wa ɗan makirufon da ke jikinta. Fitowar da muka fi ji da ita, inda uwa take yi wa 'yarta nasiha a tsakar gida, mun ɗauke ta da hantsi alhali injin markaɗen maƙwabta yana ta ruri. A wurin ba mu ji ya dame mu ba, domin kunnen mutum yana iya ture hayaniya gefe ya bi maganar da yake so. Makirufo ba ya iya haka. Ranar da aka nuna fim ɗin, hoto tar, amma abin da nake ji daga bayan aji shi ne, "Me ta ce? Me ta ce?"

Tun daga ranar na riƙe cewa mai kallo yana yafe wa hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba ya yafe wa maganar da ba ya ji. Da wannan ma'aunin zan bi da kai.

Ka fara da takarda da biro

Kafin ka tambayi kuɗin hayar komai, ka zauna da labarin ka ware shi fitowa-fitowa. A gaban kowace ka rubuta abu huɗu: a ɗaki ce ko a waje, da rana ko da dare, mutum nawa ne ke magana, kuma a zaune suke ko suna tafiya. Wannan takardar ce za ta faɗa maka kayan da kake buƙata. Mutum biyu zaune a zaure, makirufo ɗaya a kan sanda ya ishe su. Mutum biyu suna tafe a kasuwa suna hira, sai na maƙalawa a riga. Fitowar dare kuwa tana jawo fitilu da batir da janareta, janareta kuma yana jawo ƙara. Idan labarin ba zai ɓaci ba, ka mai da ita ta rana tun a takarda.

Daga nan ka je kowane lokeshin daidai da lokacin da za ku yi ɗauka a cikinsa. Ka tsaya, ka rufe ido minti biyu, ka saurara kawai. Za ka ji abin da ba ka taɓa lura da shi ba: 'yan adaidaita a bakin titi, makarantar allo a bayan gida, mai walda, firij, awaki, janaretan shagon caji. Ka rubuta su da lokutansu. Ka rubuta lokutan kiran salla na masallatan unguwar, ka tsara hutunku a kansu. Sannan ka nemi izinin mai gida, in a layi ne ka gaida mai unguwa ka yi masa bayani tun kwana biyu kafin ranar.

Kyamara

Da tsohuwar zuma ake magani. Canon 600D ko 700D ko 80D, Sony a6000 ko a6400, Panasonic GH5, duk ɗayansu zai yi maka gajeren fim da ba za ka ji kunyarsa ba. Idan sashenku yana da kyamarar da ake ba ɗalibai aro, ka karɓe ta ko da ta kwana biyu, ka karkatar da kuɗin hayar zuwa sauti. Abin da za ka duba uku ne: tana bari ka saita haske da hannunka, tana ɗaukar bidiyo mai girman 1080 (wato cikakken HD) a kan hoto 25 cikin daƙiƙa, kuma batirinta yana riƙe caji. Kada 4K, girman hoton da ya fi 1080, ya ruɗe ka. Yana cinye memori, yana sa wasu kyamarori zafi har su ɗauke, kuma ƙaramar kwamfutar ɗalibi takan yi ta sarƙewa wajen tace shi.

Wayar hannu ma tana yi, in dai ba a bar ta tana yanke wa kanta hukunci ba. Ka sauke manhajar da ke ba ka iko da saiti, irin Blackmagic Camera ko Open Camera, duk kyauta ne. Ka kulle haske da fokas, ka sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse ɗauka, ka goge gilashinta kafin kowane shot, wato kowace ɗauka, kuma ka riƙe ta a kwance.

Game da lens, wato gilashin gaban kyamara, kowa zai ce maka ka nemo 50mm f/1.8 saboda yana dusashe bayan mutum, kuma gaskiya ne yana da kyau wajen ɗaukar fuska. Sai dai a ƙananan Canon ɗin nan, 50mm yana zama kamar 80mm. A ɗakin amarya ko shagon tela, bayanka zai daki bango ba ka samu mutum biyu sun shiga hoto ba. Don haka kada ka raina 18-55mm ɗin da ke zuwa da kyamara. Shi zai yi maka yawancin aiki, 50mm ya shigo idan an zo kusa da fuska.

Abu biyu ba na fita babu su. Na farko matsayin kyamara mai ƙafa uku, wanda kansa ke juyawa a hankali ba ya fizga. Hoton da ke rawa shi ne alamar farko ta ɗan koyo. Na biyu baƙin gilashin rage haske da ake kira ND, musamman wanda ake murzawa ya ƙara duhu ko ya rage. Dalilinsa yana nan tafe.

Saitin da za ka yi tun a gida

Ka shiga cikin menu ka zaɓi tsarin bidiyo na PAL, ka bar NTSC, tsarin Amurka. Ka sa hoto 25 a daƙiƙa, shata kuma, wato tsawon lokacin da haske ke shiga wa kowane hoto, 1/50 na daƙiƙa. Wannan ba ra'ayi ba ne. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 60. Yawancin masu koyarwa a YouTube don wutar Amurka suke magana, in ka kwafi 30 da 1/60 daga wurinsu, sai ka ga hoto yana ƙyaftawa ko wasu layuka suna gangarowa a ƙarƙashin ƙwan fitila. Ko da malaminku ya ce lallai sai 24, ka bar shata a 1/50. Wutar janareta kuwa ba kullum take tsayawa daidai ba, sai ka ɗauki gwaji ka duba da idonka.

Da zarar ka kafe shata a 1/50, ranar Kano ko ta Maraɗi za ta yi wa kyamara yawa. Ko ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙara wa hoto haske, yana ƙasa a 100, da tsakar rana sai ka tsuke ƙofar lens har wajen f/22 kafin hoton ya daidaita, kuma a nan komai zai fito ƙarara, har dattin da ke kan gilashi. ND shi ne tabarau na kyamara: ka murza shi, ka buɗe lens zuwa f/4, hoto ya yi laushi. ISO kuwa ka riƙe shi ƙasa iya yadda za ka iya, domin a tsofaffin kyamarori da ya haura 800 ko 1600 hoto yake fara yin tsaki-tsaki.

Launin fari ma, wanda za ka gani a menu da sunan white balance, da hannu ake saita shi: wajen 5600 a hasken rana, wajen 3200 a ƙarƙashin jan ƙwan fitila. In ka bar shi yana sauya kansa, rigar jarumi za ta zama fara a wannan shot, ta koma ruwan ƙwai a na gaba.

Akwai wata matsala tamu ta gida da ban cika jin ana faɗa ba. Jarumi baƙi ko wankan tarwaɗa ya sha farar shadda ya tsaya a rana. Kyamara za ta bi farin kayan ta rage haske, fuska ta nutse. In ka bi fuska, shaddar ta ƙone ta zama farin fili babu ko zare. Maganin yana wajen zaɓen kaya: ruwan toka, ruwan ƙasa, shuɗi, ruwan madara. In dole sai fari, ka kai shi inuwar darbejiya ko ta katanga, ka mayar wa fuskarsa da haske da farin allo. Ko yaushe fuska ake auna wa haske.

Sauti, inda ya kamata kuɗinka ya fi tafiya

Ƙa'ida ɗaya ce ta fi kowace na'ura: makirufo ya matso kusa da baki. Duk lokacin da ka rage tazarar da rabi, ƙarfin muryar da ke shiga yana ninkawa, hayaniyar unguwa kuwa tana nan yadda take. Shi ya sa makirufo mai araha da ke kamu ɗaya daga baki ya fi mai tsada da ke ɗaure a kan kyamara taku shida nesa.

Hanya ta farko ita ce bum, wato dogon makirufo a kan sanda. Irin Rode NTG2 ana yawan samunsa a wurin masu haya. Yana amfani da kebul mai haƙori uku da ake kira XLR, kuma yana son wuta, ko dai batirin AA a cikinsa ko wutar 48V daga rikoda. Rikodar da ke karɓar XLR akwai Zoom H4n da H5 da Tascam DR-40. Zoom H1n ƙarama ce mai kyau, amma ƙaramin rami kawai gare ta, ba ta karɓar XLR. Ka tabbatar bakin kebul da ramin rikoda sun dace tun a shagon haya. Na ga rana guda cur ta tafi a kan wannan.

In babu sandar bum, gora mara nauyi ko sandar fenti za ta yi. Ka naɗa robar tayar keke a inda makirufon zai zauna, don motsin hannu kada ya bi sanda ya shiga, ka kuma naɗe kebul a jikinta kada ya riƙa kaɗawa. Mai bum ya ɗaga ta sama da kai, ta gaban mai magana, bakin makirufon yana kallon tsakanin baki da ƙirji. Ga yadda ake samun tazara: ya sauke har mai kyamara ya ce ya shigo hoto, sannan ya ɗaga kaɗan. Nan ne mazauninsa. Kuma lallai ya haddace maganganun fitowar kamar ɗan wasa, domin sai ya juya wa mai amsawa kafin ya buɗe baki. Wannan ba aikin da ake ba wanda ya rasa abin yi ba ne. Ka ba mai natsuwa da ƙarfin kafaɗa.

Hanya ta biyu makirufon riga. Boya BY-M1 yana da araha, igiyarsa doguwa ce, kuma yana da maɓallin sauyawa tsakanin kyamara da waya. Ana iya jona shi da wayar hannu, a kunna ɗaukar sauti, a jefa ta aljihun jarumi. Marasa igiya irin Rode Wireless GO ko Hollyland Lark sun fi daɗin aiki in aljihu ya kai. Wurin maƙalawa shi ne tsakiyar ƙirji, kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa.

A nan kayanmu suke gwada haƙurin mutum. Shadda mai sitaci tana ƙara da kowane numfashi. Hijabi yana gogar kan makirufo, sai ka ji kamar ana shara. Awarwaro da sarƙa da carbi duk suna shiga. Abin da nake yi shi ne in yanki filasta irin ta asibiti, in manne igiyar a jikin rigar ciki, in yi mata ɗan lanƙwasa kusa da kai don ja kada ya isa gare shi, sannan in manne yadin sama da na ƙasa a gefe da gefe yadda ba za su goga juna ba. Ga jaruma, ka koya wa mace a cikin tawagarku wannan aiki tun kafin ranar, ita za ta sa mata. Daga nan ka ce ta juya kai, ta miƙe, ta zauna, kana saurare. In har yanzu yana shara, ka koma bum.

A waje, soson da ke zuwa da makirufo ba ya tare iskar hunturu. Sai rigar makirufo mai gashi buzu-buzu. Ka tambaye ta da bakinka a wurin haya, don ba kullum ake sako ta a jaka ba.

A ɗaki, abokin gaba shi ne amsa-kuwwa. Falo mai tayil da sumul ɗin bango ya fi ko'ina muni. Ɗakin ƙasa ko zaure mai daɓe, ko ɗaki mai gado da labule da kafet, ya fi shi sau goma. Ka tafa hannu sau ɗaya ka saurara: in ƙarar ta yi wutsiya, a shimfiɗa barguna da darduma a inda kyamara ba ta gani, a jingina katifa a bango. A kashe fanka da firij da iyakwandishan. Za a sha zafi, amma na ɗan lokaci ne, a kunna fankar tsakanin shot da shot. In ka kashe firijin mutane, ka ajiye makullin babur ɗinka a ciki, ba za ka tafi ka bar musu nama ya lalace ba. Janareta kuwa a kai shi can bayan katanga da doguwar waya.

Saitin rikoda: nau'in fayil WAV, ingancinsa 48kHz da 24-bit. Ka kashe abin da ke daidaita ƙarfin sauti da kansa, domin da an yi shiru sai ya ɗago hayaniya. Ka sa ɗan wasa ya faɗi layinsa da irin muryar da zai yi wasan da ita, ka murza har ma'auni yana wasa wajen -12, in ya ɗaga murya kada ya wuce -6. Idan ya taɓa sifili muryar ta fashe, kuma babu editan da zai ɗinke ta. Mai sauti ya sa hedifon mai rufe kunne daga farko har ƙarshe, kuma a ba shi ikon cewa a sake. Darakta da ke jin haushin mai sauti don ya ce babur ya wuce, a ɗakin tacewa zai gane gatan da aka yi masa.

Kafin a tashi daga kowane wuri, abu biyu. Kowa ya yi tsit, a ɗauki shirun wurin na minti ɗaya, da shi edita zai cike giɓin da ke tsakanin maganganu. Sannan duk layin da kuke shakkar ya fita, ɗan wasa ya matso dab da makirufo ya maimaita shi sau biyu ba tare da kyamara ba.

Haske

Ba sai ka tara fitilu ba. A waje ka yi aiki da safe kafin rana ta take, da kuma bayan La'asar. A ɗaki ka zaunar da mutum gefen taga ko ƙofa, hasken ya zo masa ta gefe, kada tagar ta kasance a bayansa. In ranar ta yi kaifi, ka rataya farin zanen gado a tagar. Farin kwali a ɗaya gefen zai cike inuwar fuska. Fitilar LED guda mai aiki da batirin NP-F ta isa taimako. Ka kashe ƙwan ɗakin don launuka biyu kada su cakuɗe a fuska ɗaya.

Batir da memori

Batirin kyamara uku, duk a cike tun dare, da caja da fawa-banki. Batiran AA sababbi na rikoda, kwali guda. Kada ka dogara da cewa za a kawo wuta. Memori ka nemi mai sauri, mai alamar V30 ko U3, kuma biyu masu 64GB sun fi ɗaya mai 128GB, don in ɗaya ya mutu ba a rasa duka ba. Lissafin mai sauƙi ne: kyamarar da ke ɗauka a 100Mbps tana cin kusan 45GB a awa, sautin WAV kuwa wajen 1GB. Jabun memori sun cika kasuwa, don haka ka cika sabo da bidiyo har ƙarshe ka kunna ka gani kafin ka amince masa.

A wurin haya

A Kano yawancin ofisoshin 'yan fim suna wajen titin Gidan Zoo, a Jos ma akwai masu kaya saboda makarantar koyon fim ta ƙasa da ke can. Ko ina ka je, kada ka karɓi jaka a rufe. A gaban mai kayan ka kunna kyamara ka ɗauki minti biyu, ka haska fitilar waya a cikin lens ka duba tsaga ko fumfuna, ka jona makirufo ka murɗa kebul kana saurare ko zai yi ƙara. Ku rubuta komai har murfin lens, kowa ya sa hannu, ka ɗauki hoton kayan. Ka roƙi a ba ka su da yammacin jajibiri, ku gwada fitowa ɗaya cikakkiya, ku sa a kwamfuta ku kalla ku saurara.

Ranar ɗauka

Tsarin kira ɗaya za ku riƙe. Darakta ya ce a yi shiru. Mai sauti ya kunna, ya ce yana tafiya. Mai kyamara ya kunna, ya ce tana tafiya. Wani ya shiga gaban kyamara da allo, ya faɗi lambar fitowa da ta ɗauka, ya tafa hannu sau ɗaya yadda kyamara za ta ga haɗuwar tafukan. Da wannan tafin ake haɗa sautin rikoda da hoto, kuma ka bar makirufon kyamara a kunne, domin manhaja irin DaVinci Resolve tana iya haɗa su da kanta in ta samu sautin biyu. A ɗan dakata, sannan akshin. Bayan layin ƙarshe ma a ƙirga uku a zuci kafin a ce kat.

Kowace fitowa ka fara da mai faɗi, sannan ka matso kan kowane ɗan wasa, kana tsaye a gefe ɗaya na layin da ke tsakaninsu, in ba haka ba za su fito kamar ba juna suke kallo ba. Wani ya riƙa rubuta ɗaukar da ta yi kyau. A riƙa wa kyamara lema a rana, a kashe ta in ba a aiki. Lokacin hunturu kada a sauya lens a fili, a shiga ɗaki ko mota, bakin kyamarar yana kallon ƙasa.

Da an koma gida, kafin wanka da abinci, ka kwafe memorin kyamara da na rikoda zuwa wuri biyu daban, kwamfuta da hard disk, wato ma'ajiyar fayil da ake jonawa da kwamfuta. Ka sa musu suna da kwanan wata. Ka buɗe fayil na farko da na tsakiya da na ƙarshe a kowane wuri, ka sa hedifon ka tabbatar suna magana. Sai bayan haka za ka goge memori a cikin kyamarar kanta, ka jona batira a caji saboda gobe.